Daga Gidan Mata zuwa Firji: Tarihin Matsugunin 'Yan Daudu a Kan Hanyar Jibiya

Daga birnin Katsina zuwa Jibiya tafiyar fiye da kilomita 40 ce. Kusa da garin sai shingen Magama, inda jami'an kwastan da na shige da fice suke, sai Ɗan Isa a ɓangaren Nijar, daga nan hanya ta miƙe zuwa Maraɗi. An fi sanin wannan hanya da fatauci: hatsi, dabbobi, man fetur, shinkafa da gwanjo. Amma a shekarar 2000 ta ɗauki wani irin kaya da ba ya shiga littafin kwastan. A watannin da jihohin Arewa suke ƙaddamar da shari'ar Musulunci ɗaya bayan ɗaya, an rufe gidajen giya da na caca da gidajen mata masu zaman kansu, mutanen da suke kwana suna tashi a cikinsu kuwa suka watse. Wasu suka nufi Abuja da kewayenta, wasu suka gangara Kudu, wasu suka ƙetare ta Jibiya. Wani ƙauye mai suna Firji, wanda ke cikin ƙasar Nijar dab da iyaka, ya cika ya batse, har sunansa ya shiga jaridun ƙasashen waje.

An yi rubutu da yawa a kan giya da caca da karuwancin da suka yi ƙaura a wancan lokaci. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne maganar ɗaki. Mutumin da aka garƙame gidan da yake haya, alhali gidan ubansa ya daɗe da rufe masa ƙofa, ina zai kwana? Cikin waɗanda tambayar ta fi ƙona wa rai akwai 'yan daudu, da sauran mutanen da a yau ƙungiyoyin duniya suke haɗawa a ƙarƙashin haruffan LGBTIQ. Tarihinsu a ƙasar Hausa yana koyar da abu guda a fili: a nan matsuguni dangantaka ce kafin ya zama gini. Duk lokacin da aka yanke dangantakar, mutanen ba su ɓace ba. Wurin kwanansu kawai ya sauya, kuma kowane sabon wuri ya fi na baya haɗari.

Wane ne ɗan daudu

Haruffan nan na Turanci ba su zauna daidai a kan kalmomin Hausa ba. Ɗan daudu namiji ne da ke kwaikwayon mata a magana da tafiya da sana'a. Kalmar ta fi nuni ga ɗabi'a da aiki, ba lallai ga abin da ke faruwa a asirce ba. Akwai 'yan daudu masu mata da 'ya'ya da jikoki, akwai waɗanda suka sauke farali. Akwai kuma maza masu neman maza da ba su taɓa yin daudu ba, akwai mata masu maɗigo, akwai mata-maza, waɗanda nasu lamarin halitta ce ta jiki tun daga haihuwa. Abin da ya haɗa su duka a wannan tarihi shi ne, ranar da aka nuna ɗayansu da yatsa, abu na farko da yakan rasa shi ne ɗakinsa.

Masana bori, irin su Fremont Besmer da ya yi bincike a Kano, sun danganta sunan da Ɗan Galadima, iskan nan mai ado da kyauta da son caca, domin Daudu kirari ne na Galadima. Wannan alaƙa da bori ita ce ta ɗaure tarihin 'yan daudu da na mata masu zaman kansu, ita ce kuma ta ɗaure shi da Maraɗi.

Hanyar da ta girmi iyakar

Wajen shekarar 1807 masu jihadi suka ci birnin Katsina, Umarun Dallaje ya zama sarki. Gidan sarautar Haɓe ya yi gudun hijira, bayan shekaru na yawo kuma Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. Har gobe mai sarautar can Sarkin Katsina ake ce masa. Abin da masu hijirar suka tafi da shi bai tsaya ga tambura da dawaki ba. Sun tafi da tsarin fada wanda a cikinsa akwai Iya, mace daga gidan sarauta mai shugabantar 'yan bori, wadda kuma matan da ba su da aure suke ƙarƙashin kulawarta. Gobirawan Tsibiri ma suna da tasu, Inna. A ƙasar Daular Usmaniyya bori ya rasa mazauninsa a fada, ya koma cikin gidaje da bakin kasuwa. A Maraɗi ya ci gaba da zama da sarauta.

Saboda haka tun kafin Bature ya ja layi, dajin da ke tsakanin Katsina da Maraɗi ya riga ya zama mararrabar tsari biyu, abin da aka ƙi a kudu yana iya samun inuwa a arewa. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1906, da aikin Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee waɗanda suka kafa alamomi 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi tsakanin 1906 da 1908, sun mai da wannan tsohon bambanci na siyasa ya zama bambancin doka. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma kudu da layi dokar Ingilishi da ta alƙali, arewa da shi dokar Faransa, wadda tun 1791 ta cire saduwar jinsi ɗaya tsakanin manya daga jerin laifuffuka. Nijar ta sami 'yanci a 1960 da kundin da bai hukunta wannan ba sai in da ƙaramin yaro a ciki.

Gidan mata a matsayin mafaka

Mulkin mallaka ya haifi bariki: unguwannin da ke bayan ganuwa, kusa da tashar jirgi da tashar mota da sansanin soja, inda idon dangi da na mai unguwa ba ya kai wa sosai. A nan gidajen mata suka yawaita. Renée Pittin, wadda ta zauna a birnin Katsina a farkon shekarun 1970, ta bayyana waɗannan gidaje a matsayin al'umma mai tsari, da magajiyarta, da biki da gudummawarta, ta kuma nuna 'yan daudu a tsakiyar hidimar. Rudolf Gaudio, wanda ya fara bincike a Kano a farkon shekarun 1990 ya kuma wallafa littafinsa Allah Made Us a 2009, ya tarar da irin wannan tsari yana nan da ransa.

Idan aka dubi abin da suka rubuta da idon mai tambayar matsuguni, za a ga ginshiƙai uku ne suka riƙe rufin ɗan daudu. Na farko sana'a. Tuwo da shinkafa da soyayyar kaza a tasha da bakin kasuwa aikin 'yan daudu ne da kowa ya sani, domin matar aure tana kulle, namiji kuwa yana ganin tukunya ta fi ƙarfin girmansa. Giɓin da kunya ta bari shi suka cike, daga ribarsa kuma ake biyan haya. Wasu sukan haɗa da kawalci, wasu da rawa da zaurancen barkwanci a wajen biki, wasu suka kai har Jidda da Makka neman kuɗi suka dawo da sunan Alhaji.

Na biyu uwar ɗaki. Yaron da ya baro ƙauyensu saboda duka ko gori yakan faɗa hannun babban ɗan daudu, wanda zai ba shi tabarma da abinci, ya koya masa girki, wata rana ya ba shi jari ya kafa tasa tukunyar. Sunayen da suke kiran juna da su, uwa da 'ya da ƙawa, aron dangin da aka rasa ne. Ba aljanna ba ce. Akwai cin zali, akwai bashi, akwai yaran da aka tura wa maza ba da son ransu ba, cutar ƙanjamau kuma ta yi musu ɓarna mai yawa. Amma ɗaki ne mai ƙofa.

Na uku, wanda ya fi sauran ƙarfi ko da yake ba a ganinsa, shi ne kawar da kai. Uwa ta san sana'ar ɗanta a birni, ba ta tambaya, shi kuma yana aiko da kuɗin cefane da kayan salla, yana zuwa suna da jana'iza. Maƙwabta suna tsokana, yara suna waƙa, malamai suna wa'azi, amma ba a cika fasa ƙofa ba. Al'umma ba ta amince da daudu ba, ba ta kuma ɗauki korar mai yinsa daga doron gari a matsayin aikin kowa ba. A tsakanin ƙi da kora akwai fili, a wannan fili suka rayu.

Yadda doka ta shigo ɗaki

Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, an zartar da shi a 1959 ya fara aiki a 1960. Tushensa kundin Sudan ne, shi kuma na Sudan daga na Indiya na 1860 aka ɗebo shi. Sashe na 284 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14 kan saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a. Sashe na 405 kuwa ya sanya namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin gantalallu, masu yawon banza, laifin da ke iya jawo ɗaurin shekara biyu. A Indiya ma Turawan sun yi irin haka a 1871, lokacin da suka yi dokar rajistar mutanen da ake kira hijira, masu zama gida-gida a ƙarƙashin uwar ɗakinsu kamar 'yan daudu, suka hana su fita rawa da kayan mata. Abin lura shi ne kalmar da aka zaɓa. Gantalalle shi ne marar wurin zama da sana'a. Doka ta laƙaba wannan suna ga mutumin da yake da ɗaki da tukunya, tun kafin ta raba shi da su.

Kora ma ba baƙuwa ba ce. A shekarun fari, idan ruwa ya ƙi sauka, sau da yawa hukuma a garuruwan Hausa na ɓangarorin biyu takan ba matan da ba su da aure wa'adi: ko aure ko barin gari. Gidaje su watse, a yi auren ɓoye kai, a koma wani gari. Amma irin wannan kora tana da damina. In ruwa ya zuba, hankali ya kwanta, sai a dawo a share ɗakuna.

Abin da ya faru daga 1999 ya bambanta domin an rubuta shi, an kuma kafa masu tsaronsa. Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. Katsina ta bi a watan Agusta a ƙarƙashin Umaru Musa 'Yar'aduwa. Kano ta yi bikin ƙaddamarwa a watan Yuni, aiki ya fara a Nuwamba, ta kuma yi dokar hana karuwanci da ayyukan baɗala a wannan shekara. Jihohi 12 ne suka shiga sahu. Talakawa da yawa sun yi maraba da haka da zuciya ɗaya, suna fatan adalcin da suka daɗe ba su gani ba bayan shekarun mulkin soja. Sababbin kundaye sun tanadi hukuncin da ya kai jifa a kan luwaɗi, ko da yake ba a taɓa samun tabbacin an zartar da shi a kan kowa ba, domin sharuɗɗan shaida masu tsauri ne. Hukuncin da aka zartar a aikace, ba tare da alƙali ko shaidu huɗu ba, shi ne rufe gida. Shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma wanda ake iya nuna wa jama'a.

Da kwaɗo ɗaya ginshiƙai biyu suka faɗi. Gidan mata shi ne wurin kwana, shi ne kuma kasuwar abincin. Na ukun ma ya girgiza, domin kawar da kai ya fara kama da haɗa baki.

Firji da Maraɗi

Wanda ya ƙetare ta Jibiya bai buƙaci biza ba, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan yankin damar shiga ƙasashen juna, bai kuma buƙaci tafinta ba. Firji da Birnin Ƙonni, wanda ke fuskantar Illela ta jihar Sakkwato, suka zama wuraren da mutanen jihohin shari'a suke zuwa su yi abin da aka hana su a gida, su koma kafin gari ya waye. Mai mota da kuɗi yana komawa gidansa da mutuncinsa. Mai girki da mai ɗaki su ne suka tare a rumfunan zana da kwano, ba dangi, ba magajiya mai faɗa a ji, ba mai unguwar da ya san iyayensu.

Mafakar ba ta daɗe da lafiya ba. A watan Nuwamban 2000 ƙungiyoyin addini a Nijar suka yi zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA, wanda Alphadi ya shirya a Yamai. A Maraɗi zanga-zangar ta rikiɗe ta zama tarzoma. Aka afka wa mashaya da rumfunan caca da gidajen matan da ba su da aure, aka kai hari coci da harabar mishan, gidan Iya ma bai tsira ba. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, wadda ta daɗe tana nazarin Maraɗi, ta nuna cewa kwararowar mutanen da shari'ar Najeriya ta koro tana cikin abin da ya hura wutar: mutanen gari suna ganin an mai da su juji. Gwamnatin Tandja Mamadou ta rushe wasu ƙungiyoyin bayan tarzomar, amma darasin ya riga ya fito. Birnin da ya karɓi korarrun 1807 ya gaza haƙuri da korarrun 2000. Kora ba ta kashe abin da aka kora, tura shi take yi ƙofar maƙwabci, shi ma ya ɗauki sanda.

Ƙofofi suna ƙara rufewa

A Afrilun 2007 aka rushe wani gidan wasa a Kano bayan jita-jitar an ɗaura auren mata da mata a cikinsa, matan da aka ambata suka shiga ɓuya, ko da yake sun musanta. A watan Agustan shekarar aka kama maza 18 a wani otal a Bauchi. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga mai kafa ƙungiyarsu ko mai tallafa mata. Dokar ta shafi har yarjejeniyar mutum biyu su zauna tare a matsayin abokan kwana. Ba ta umarci mai gida ya kori ɗan haya ba, amma ta sa samari biyu masu raba kuɗin ɗaki, abin da talauci ya mai da ruwan dare, sun zama abin zargi, ta kuma sa duk mai tunanin buɗe gidan mafaka ya fara lissafin kurkuku. Wata guda bayan haka, a Fabrairun 2014, wasu gungun mutane suka bi gida-gida da sanduna a Gishiri da ke Abuja, suka fitar da samari fiye da goma daga ɗakunansu. Abujar da aka gudo mata a 2000 ke nan. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a Oktoban 2016 ya tattara labaran kora daga gidajen haya da na iyaye da karɓar kuɗin toshiyar baki bayan dokar. Wayar hannu ta ƙara dagula lamarin: abin da a da yakan tsaya a unguwa, yanzu hoto ɗaya a Facebook ko TikTok yana riga mutum isa duk garin da ya nufa.

Ƙofar arewa ma ta ja. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. A farkon 2023 Shugaba Mohamed Bazoum ya bayyana niyyar sanya hukunci kan luwaɗi da maɗigo a sabon kundin laifuffuka, kundin tsarin riƙon ƙwaryar da sojoji suka ƙaddamar a Maris 2025 kuma ya haramta su ƙarara. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Bambancin dokar da ya sa Jibiya ta zama ƙofar tsira ya kusa shafewa.

A daidai wannan lokaci Jibiya da kanta ta koyi ma'anar rasa gida. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, tun daga 2019 dubun-dubatar mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka jihar Maraɗi. Akasarinsu ba sansani ne ya fara karɓarsu ba, gidajen talakawa ne, saboda auratayya da zumunci da haƙƙin baƙo. Wannan abin alfahari ne, kuma shi ne ya fito da girman matsalar ɗaya ɓangaren. Tsarin da ke hana Bahaushe kwana a titi shi ne dangi. Wanda 'yan bindiga suka kora yana da wannan tsari a bayansa. Wanda dangi suka kora, tsarin ne da kansa ya tofar da shi.

Inda rigakafin yake

Ƙasashen da suka ƙidaya sun ga abu ɗaya. Binciken cibiyar Chapin Hall ta Jami'ar Chicago a 2017 ya nuna matasan wannan rukuni a Amurka sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen haɗarin rasa matsuguni. Caitlin Ryan, wadda ta kafa wani shirin bincike kan iyalai a Jami'ar Jihar San Francisco a 2002, ta gano cewa matasan da iyayensu suka yi wa ƙi mai tsanani sun ninka sauran fiye da sau takwas wajen yunƙurin kashe kai. Abin da ya fi dacewa da ƙasar Hausa a aikinta shi ne hanyar da ta bi da iyalai masu riƙon addini. Ba ta nemi su sauya aƙida ba. Ta nemi su daina wasu ayyuka ƙididdigaggu: duka, gori, hana shiga taron dangi, da kora. Uba yana iya ƙin abu har zuciyarsa, ya bar ɗansa a ɗaki.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a zauren malamai. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba mai kama da mata gida biyu: wanda aka halitta haka, wanda babu zargi a kansa, da wanda ya ƙirƙira da gangan. Gaskiya ne akwai ruwayoyin fitar da irin waɗannan mutane daga Madina, amma Abu Dawuda ya kawo cewa wanda aka fitar yakan shigo kowace Juma'a ya nemi abinci, ya kuma kawo cewa da aka nemi izinin kashe wani, an hana saboda yana salla. Hukuma ce ta yanke, da iyaka, ba taron unguwa ba. Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane, Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba izini, ta kuma tanadi bulala 80 ga mai ƙazafin da ya kasa kawo shaidu. Game da mata-maza, Mukhtasar na Shehu Halil, wanda ɗaliban fiƙihu suke kashe shekaru a kansa, da mas'alar gadonsu ya rufe: wanda aka kasa tantance jinsinsa yana samun rabin rabon namiji da rabin na mace. Abubuwan da ke hana gado sanannu ne, kamar kisan mai dukiya da bambancin addini. Daudu ba ya cikinsu. Rabon mutum a gidan ubansa yana nan, ko 'yan'uwa sun so ko sun ƙi.

Dokar ƙasa ma tana da abin cewa. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida, na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama a duk inda ya so. A ƙa'idar haya da aka saba a Najeriya, in babu wata yarjejeniya, mai biyan shekara-shekara yana da haƙƙin notis na wata shida, sannan na kwana bakwai, sannan umarnin kotu. Mai gidan da ya watso kayan ɗan haya waje saboda jita-jita shi ne ya karya doka. Lauyan da ya faɗa masa haka, da mai unguwar da ya ƙi jagorantar taro zuwa ƙofar wani, da likitan da ya riƙe sirrin marar lafiya, da shugaban 'yan tashar da ya bar mai tuwo a rumfarsa, da gwaggon da ta ce a kawo mata yaron ya zauna wajenta har ran ubansa ya huce, babu ɗayansu da ya halatta abin da addininsa ya haramta. Kowannensu ya dai hana mutum ɗaya komawa kwana a tasha, inda mai neman magani ke daina zuwa asibiti, yaro kuma ke faɗawa hannun duk wanda ya nuna masa tabarma.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Karin maganar ba ta ce hannun lafiyarsa lau ba. Cewa ta yi naka ne. Tsawon ƙarni guda wannan fahimta, tare da tukunya da uwar ɗaki, ta riƙe mutanen da ba wanda ya yaba musu amma kaɗan ne suka kwana a waje. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa ta Katsina da Jibiya. Idan ya kammala, tafiyar da korarrun 2000 suka yi da ƙullin kaya a ka za ta zama ta ɗan lokaci kaɗan. Sai dai a ƙarshen layin babu sauran Firjin da za a tura kowa. Yaron da aka kora daga wani gida a Katsina yau, a cikin Katsina zai kwana, ko a ɗaki ko a bakin kwata, kuma mutanen gidan ne za su zaɓa.